Kaset Mai Lamba Sha Bakwai

Makon jiya aka sake kirana in yi wa sababbin masu tattara bayanai bita. Su goma sha biyu ne, samari da 'yammata, kowa da 'yar kwamfutar hannu a cinya, ana ta shafa gilashi. Ban gama gabatar da kaina ba wata mai jan gyale ta ce ita fa ba ta ga wuyar aikin ba, tambaya tana rubuce, ka karanta, mutum ya amsa, ka danna, ka wuce ta gaba. Na ce mata Allah ya ba da sa'a. Daga nan ban sake zama ba har aka tashi, sai kai da kawo nake a gabansu, mai shirya bitar yana duban agogo yana yi mani alama in taƙaita. Na taƙaita ɗin. Abin da ban samu faɗa a can ba shi na zauna rubutawa, in ma zaman zai yiwu, don ni tun ina yarinya ba a san ni da zama wuri ɗaya ba.

Ga yadda aikin namu yake. Malami a jami'a, ko ɗalibi mai neman babban digiri, ko wata ƙungiya, sai su so sanin wani abu game da mutane, amma ba su san lungu ba, lungu ma bai san su ba. Sai a nemo irina. Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, cikin ganuwa aka binne cibiyata, in na yi sallama a gida ba a tambayar daga ina. Na yi aiki kan ungozomai, na yi kan rijiyoyi, na yi kan masu ɗinkin babbar riga. Amma wanda ya ci mani shekaru, ya cinye mani takalma, shi ne na matasan da suka bar gidajen iyayensu suka koma kwana a tasha da rumfunan kasuwa da kangaye. Masu aikin suna son sanin abin da ya fitar da su, da abin da ke samunsu a waje.

Wajen Mama Rifkatu na koya. Mutuniyar Wusasa ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, gajeriya, ga saurin tafiya, ni da nake da ƙuruciya sai na haɗa da ɗan gudu kafin in cim mata. Lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, maigidana malamin firamare ne, ya ce in dai tare da ita ne in je. Ranar farko ta zazzage jakata kan tabarma, ta ware turare da madubi gefe guda, ta dubi takalmina mai tsini ta tambaye ni gidan biki za mu ne. Sannan ta zuba mani kayan aiki: rikoda mai cin batir huɗu, kaset, biro uku, fensir na naɗe zaren kaset in rikoda ta tauna shi, leda saboda ruwan sama, da abin ji mai baka, irin wanda ake ɗorawa bisa kai ya rufe kunnuwa biyu. Ta ce kar in taɓa sayen batir a bakin tasha, duk sun sha rana.

Hirata ta farko a Ƙofar Doka na yi ta, ko in ce na ɓata ta. Wani saurayi ne yana wankin babura, Mama ta tura ni ta tsaya nesa. Na gaishe shi, na buɗe takarda, na karanta tambayar yadda aka rubuta ta: me ya sa ka gudu daga gida? Ya matse tsummansa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce wa ya faɗa mani gudu ya yi. Ya ɗauki bokitinsa ya tsallake titi. Na dawo ina huci, na ce wa Mama yaran nan ba su da tarbiyya. Ta ce tarbiyyar tasa ce ma ta hana shi watsa mani ruwan bokitin.

A hanyar komawa ta koya mani abin da har yau nake ci da shi. Ba a tambayar mutum me ya sa. Kowa ya ji me ya sa, ya san tuhuma ce. Tambaye shi ranar da ya fita me aka dafa a gida. Tambaye shi wa ya gani ƙarshe a ƙofa, da wane takalmi ya fito, ina ya kwana daren farko. In ya soma ba ki labarin tuwon, sauran zai biyo da kansa. Ta ce in zauna ƙasa da inda ya zauna, kar in rubuta komai lokacin da muryarsa ke rawa, kuma in ya yi shiru in ƙyale shi da shirunsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, don ni in wuri ya yi tsit bakina ƙaiƙayi yake. Sau da yawa sai dai in ji ta taka mani ƙafa.

Akwai ragwaye a aikin nan tun zamaninmu, kar ku ɗauka ku kuka ƙirƙiro. Wani ɗan unguwar Tukur-Tukur da muka yi aiki tare, sai ya samu inuwar mangwaro ya cike takarda ashirin daga kansa, ya kawo da yamma yana share gumi. Mama ba ta ko karanta ba. Ta ɗaga takardun ta shinshina, ta juya bayansu, ta ce takardar da ta je tasha ba ta dawowa fes haka. Ta gaskiya takan zo da shatin baƙin mai, ko ɗigon shayi, ko rubutu ya karkace saboda a kan gwiwa aka yi shi. Ta sallame shi a ranar.

Takardar masu aiki tana da gidaje huɗu na dalilin barin gida: talauci, duka, mutuwar iyaye, sai sauransu. Na rantse gidan sauransu ya fi cika, har ina bin gefen takarda da rubutu. Na ga wanda ya fita saboda mari ɗaya da baffansa ya yi masa gaban abokai. Na ga wanda aka raba gado aka sayar da ɗakin da yake kwana. Na ga wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu, ba wanda ya ce masa komai a gida, shirun ne ya kore shi. Abin da na fi gani kuwa, wanda na sha faɗa wa malamai suna gyaɗa kai ba su rubutawa, shi ne yaron birni ba ya barin gida rana ɗaya. Gidajenmu sun cika, yaro na tasawa za a ce ya girmi ɗakin uwa, ya koma zaure. In baƙi sun sauka a zaure, ya koma shagon samari a bakin layi. Daga shago sai ya kwana biyu bai shigo cin tuwo ba, kowa na tsammanin ya ci a wani gida. Ranar da za a farga a ce ina wane, ya yi wata uku a tasha. In ka tambayi uban yaushe ɗansa ya bar gida, wallahi bai sani ba, kuma ba ƙarya yake ba.

Abin da ke samunsu a waje ma ba duka ke shiga takarda ba. Sholisho da ƙwaya da ruwan maganin tari, waɗannan kowa ya sani. Kame kuma in an tashi yinsa ba a tambayar mai laifi, wanda aka samu a rumfa shi ke shiga mota. Amma akwai babban da zai ba yaro wurin kwana ya karɓi abin da yaron ba zai iya faɗa wa kowa ba har ya mutu. Akwai ƙaramin ciwo a ƙafa da zai ruɓe saboda ba mai cewa mu gani. Wani ya ce mani abin da ya fi tsoro damina ce, don in rumfa ta yi yoyo manya ke kwashe busasshen wuri. Da takalmi a ƙafa suke barci. Na yi hira da wani sau uku, na koma na huɗu aka ce tirela ta taka shi yana barci a ƙarƙashinta da tsakar rana, direba bai duba ba.

Kafin kowace hira akwai maganar da muke faɗa, na faɗe ta har ta zama kamar karatun sallah a bakina. Sunanka ba zai hau takarda ba, lamba za mu sa. Ba wanda zai ji abin da ka faɗa sai ni da masu aikin, su kuma ba 'yan garin nan ba ne. In an gama za a goge kaset. Ku riƙe wannan maganar, don a kanta na faɗi.

Shekarar da ta ɓaci mani shekarar zaɓe ce. Lokacin na ƙware, Mama ta daina bina, har ana ba ni sababbi in koya masu, kaina ya soma girma. Wani bakanike mai garejin manyan motoci a hanyar da ta wuce dutsen Kufena ya ce mani akwai wani yaro a wurinsa, yana wanke masa kayan inji, ba ya fita ko bakin titi. Tasi'u sunansa, zai yi shekara goma sha tara, dogo, in yana magana idonsa na kan hanya. Sau uku ina zuwa yana ce mani ba shi da labari. Ran na huɗu na tarar yana cin rogo, na zauna kan tsohuwar taya na ce ya ɗan sam mani. Ya yi dariya ya miƙo. A ranar ya zama lamba sha bakwai.

Ɗan birni ne, daga wata unguwa da ba zan faɗa ba. Ban tambaye shi gidansu ba, aiki bai ce in tambaya ba. Shagon samari ya bi kamar sauran. Da zaɓe ya matso wani mutum ya riƙa zuwa da mota yana kwasarsu zuwa taro, a ba su ƙwaya, a ba su gora da adda. Wata rana da la'asar aka yi karo da wasu samarin, aka sari wani, bai tashi ba. Tasi'u ya ce shi yana ganin jini ya yar da gorarsa ya ruga. Kwana biyu aka zo aka kama manyan shagon su biyu, sai sauran suka ce ai wanda ya gudu shi ya ba da suna. Ya rantse mani da Allah bai faɗa wa kowa komai ba, amma an riga an yi masa hukunci. Ya fito da rigar jikinsa, ya sa wani ya baza cewa an gan shi a motar Legas. Wata biyar ke nan har mahaifiyarsa ta ɗauka yana can.

Na tambaye shi me ya hana shi tafiya Legas ɗin da gaske. Ya ce wani direba ya yi masa alkawarin ɗaukarsa yaron mota bayan salla, shi yake jira. Ya ɗan yi shiru, na danne bakina, sai ya ce in ya hau gefen dutse da yamma yana hango rimayen unguwarsu. Daga nan ya shiga ba ni labarin inda yake kwana, cikin wata mushen bas a bayan garejin, ya kwatanta garejin, ya faɗi laƙabin ogansa. A nan ya kamata in danna in tsayar da rikoda. Na bar ta tana juyawa saboda hirar ta yi daɗi, ina ta murna na samu wadda malami zai yaba.

Ga abin da 'yan yanzu ba su sani ba: hirar awa ɗaya, rubuta ta kalma bayan kalma yakan ci awa biyar ko shida. Ka saurara, ka tsayar, ka rubuta, ka mayar baya. Ranar Litinin ake son rubutun. Ranar Lahadi sunan 'yar ƙanwata ne, ni ce babbar ya, ba halin in ƙi zuwa, kaina kuwa ya yi wata guda a tsefe cikin ɗankwali. Asabar kaɗai ta rage mani. Na aika a kira Azumi mai kitso, wadda ke bi gida-gida a unguwarmu, ta zo bayan azahar. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zauna tsakanin ƙafafunta, na ɗora littafi a gwiwa. Abin ji kuwa bakansa bisa kai yake bi, daidai inda za a tsaga. Ba a kitso da shi. Na zare shi daga jikin rikoda, na rage murya kaɗan, na ce ai takarda ba suna, kaset ma ba suna.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni na ce tawa za ta taunu. Muna cikin yi na ji hannun Azumi ya tsaya cak a kaina. Na ce mene ne, ta ce tsinke ne ya faɗi. Ta ci gaba. Azumi da in ta soma zuba sai ka roƙe ta ta numfasa, ranar har ta gama ba ta ƙara cewa uffan ba, ni kuma na ji daɗi, na ce yau ta bar ni in yi aiki. Na mayar da wurin kwatancen garejin ya fi sau huɗu don in rubuta shi daidai. Da ta gama na ce ta tsaya ta ci abinci, ta ce sauri take. Na manta, ko in ce ban taɓa kawo wa raina ba, cewa aure ne ya kawo Azumi unguwarmu. A birnin nan ba wanda ba shi da wani a wata unguwa.

Ranar Laraba na koma garejin da tambayoyi uku da suka rage. Tun daga nesa na ga yaran gareji sun bar aiki suna kallona. Ogan ya fito daga ƙarƙashin mota, bai amsa gaisuwata ba, ya ce in biyo shi. Ya kai ni bakin bas ɗin. An watsa ƙasa a kan kujerar baya da matakala, amma jinin ya fito ta cikinta.

Ya ce ranar Litinin wani ɗan acaɓa ya zo da kwanon dambu da riga a ninke, yana tambayar Tasi'u, wai saƙo ne daga mahaifiyarsa. Tasi'u ya karɓa, bai ci ba, ya ce shi yau zai bar garin. Ogan ne ya ce ya haƙura zuwa Laraba direban da ya yi masa alkawari zai dawo. Talata da hantsi su biyar suka zo a kan babura. Sun sare shi a kafaɗa da hannu kafin yaran gareji su yi kansu da ƙarafa. Aka kai shi aka ɗinke, kafin la'asar ya zame ya hau bayan wata babbar mota, ba wanda ya lura ko ta kudu ce ko ta arewa.

"Ya bar maki saƙo," in ji ogan. "Ya ce in kin zo in faɗa maki, duk birni ke kaɗai kika san yana nan."

Ban san yadda na iso gida ba. Da farko na ɗauka bina aka yi. Washegari sai ga Azumi da kanta, ta durƙusa a ƙofar ɗakina tana kuka. Gidan iyayenta katanga ɗaya ne da gidan su Tasi'u, a bayanta ya yi wayo, ta ce ko cikin kasuwa ya yi tari za ta gane shi. Wata biyar tana ganin uwarsa tana ramewa, ta ji muryarsa da kunnenta, ta yaya za ta yi shiru? Uwar kuma ba ta fita, sai ta dafa abin da ya fi so ta leƙa ƙofar gida ta ba ɗan acaɓan layinsu. Shi kuwa a bakin shagon nan yake ajiye babur. Ba wanda ya yi nufin sharri a cikinsu. Na so in zage ta, na rasa ta inda zan fara, don ba ita ta zare abin jin ba.

Na tafi Wusasa na faɗa wa Mama Rifkatu komai a tsaye. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta saurara har na gama, ta ɗago ta dubi kaina, ta ce, "Kitson dai ya yi kyau." Na yi kuka a gabanta irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ta bar ni na gama, ta ɗauki jakarta ta ce mu je in faɗa wa malamin da ya ba mu aikin da bakina.

Aka tsayar da aikin. Labari ya bi gareji-gareji da tasha-tasha cewa matar nan mai rikoda sayar da mutane take. Kusan shekara ba yaron da ya yarda ya yi magana da kowa cikinmu, har waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ni da Mama muka riƙa bin direbobin manyan motoci muna kwatanta dogon yaro mai ɗinki a kafaɗa. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a Lakwaja, wani ya ce a Maraɗi. Har yau in na ga dogon mutum yana sauke kaya daga mota sai na rage tafiya na dubi kafaɗarsa.

Shi ya sa nake kasa zama in na ga kuna shafa gilashi. Abin hannunku ya fi rikodata haɗari nesa ba kusa ba. Yana ɗaukar murya, yana ɗaukar hoto, har wurin da aka tsaya yana rubutawa. Na ga mai sauraron hira cikin Keke, fasinja uku na ji. Na ga wadda ta tura wa ƙawarta don su yi dariyar yadda wani ke magana. Cire suna ba shi ne ɓoye mutum ba a garin da ake gane ɗan gida da takunsa. Magana zarar bunu ce, wanda ya ba ku tasa kuma ba shi da ƙofar da zai rufe ya kwanta.

Saura abu ɗaya. Ana gobe za a karɓi kaset a goge, da la'asar, wata mata ta yi sallama. Siririya ce cikin dogon hijabi, ban santa ba. Ta zauna bakin tabarma muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi maigida, ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Sannan ta ce ita ce Habi, maƙwabciyar su Azumi. An ce mata yaron nan ya yi magana cikin wani abu. Yaron nan take cewa, ko wannan ɗin. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, kamar yadda iyayenmu ba sa faɗi. Ta ce ba rigima ta kawo ta ba, so take ta ji.

Na ce mata ba zai yiwu ba. A cikin kaset ɗin ya faɗi abubuwa game da gidansu, game da mahaifinsa, game da ita kanta, waɗanda ya faɗa don na ce ba wanda zai ji. Na karya alkawarin sau ɗaya da sakaci, ba zan sake karya shi da gangan ba, ko da kuwa ga wadda ta haife shi. Ban taɓa jin na tsani aikina kamar lokacin da nake wannan bayanin ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce haka ne, amana ce. Ta ce Allah ya ba mu alheri, ta miƙe tana laluben takalminta.

Tana bakin ƙofa na tuna. A farkon kowane kaset, kafin alkawari, kafin tambaya, mukan ce mutum ya yi 'yar magana don a gwada ko rikoda na ɗauka. Ba sirri a ciki, ko numfashi biyar bai kai ba. Na ce ta dawo. Na mayar da kaset farko, na ɗora mata abin jin a kan hijabinta, na sa yatsa a kan madanni don in tsayar a daidai wurin. Ni ba na ji, amma na san abin da ke ciki, na rubuta shi da hannuna. Salamu alaikum. Anti, yana ɗauka? Ana ji na? Sai dariya.

Ta amsa sallamar da ƙarfi, yadda mai abu a kunne ke yi bai sani ba. Na tsayar. Ta ce a sake. Na mayar, ta sake amsawa. Ban ƙirga sau nawa na mayar ba, har inuwa ta bar tabarmar ta hau katanga. A na ƙarshe ta dafe abin da hannu biyu, ta jira ya yi tambayarsa.

"Ana ji, Tasi'u," ta ce. "Ana ji."

Ta waigo da sauri ta ga ko na ji ta. Na sunkuyar da kai cikin jaka ina neman batir.